Aji Ɗaya a Cikin Siton Masara

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Masara, dawa, waken suya, nakan saya a ƙauyukan da ke tsakanin Faskari da Sabuwa, in leƙa har Mabai ta wajen Ƙanƙara idan na ji farashi ya yi daɗi, in tara a sito in jira lokaci. Da jaki ɗaya na fara, shi ma na aro. Boko kuwa ban yi ta ina yaro ba. Sai da na yi gemu na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna benci ɗaya da dattawa muna ta a, ba, ca, da. Kunyar da na sha a kasuwanni kafin nan, ni kaɗai na san ta. Shi ya sa maganar karatun yara ba ta zo mini da wasa.

Muna da ɗiya mace guda ɗaya, ita ce auta, ta zo bayan maza. Shekarar da zan ba da labarinta tana aji ɗaya a firamaren garinmu. Makarantar tana bakin gari, bayanta gonaki, bayan gonakin daji. Daga ƙofar sitona nakan ji su da hantsi, malama ta faɗa, aji ya amsa baki ɗaya, kamar ana ɗaga rufin kwano. A cikin wannan hayaniyar nakan ware muryar ɗiyata, don ta fi ta kowa ƙarfi. Idan baƙi suka zo gida sai in sa a kira ta da littafinta na Hausa. Ta durƙusa ta gaida su, ta buɗe shafin farko, ta ɗora yatsa, ta zuba har ƙarshe ba ta tsaya shan numfashi ba. Baƙi su ce tabarakallah. Ni kuwa in gyara zama in ce, ai ba ta ma cika shekara a makarantar ba.

Sai daji ya lalace. Ba sai na tsaya bayani ba, duk wanda ke wannan yanki ya san shekarun da nake nufi. Aka rufe makarantu, aka buɗe, aka sake rufewa. Da aka ce a koma a farkon damina, iyaye suka ƙi sakin yara. Hedimasta ya zo ƙofar gidan mai unguwa yana roƙo, muka taru. Wani dattijo da gonarsa ke bayan makarantar ya ce shi ba ginin ne ke damunsa ba, muryar ce. Ya ce yana tsakiyar gonarsa, can kusa da bakin daji, yakan ji yara suna amsa karatu raɗau, har ya san baƙin da ake ciki. Ya ce, “In ni mai kunne ɗaya na ji, wanda ke cikin kurmi yana saurare bai ji ba? Ai kamar kaji ne ke sanar da shaho inda suke.”

Manyan yara aka ce su ɗan jira. Amma 'yan aji ɗaya, waɗanda suka fara kama baƙi, idan aka bar su damina guda komai zai zube. Ni na ce a kawo su sitona. Yana tsakiyar gari, gini ne na bulo mai ƙofar ƙarfe, kuma da damina kusan wayam yake, sai 'yan buhunan taki a lungu. Na faɗa musu gaskiyar iyakata tun a wurin: zuwa kaka kawai. Idan sabuwar masara ta shigo, dole in sa mata ƙwayar maganin ƙwari in rufe ƙofa in liƙe tagogi, kuma wannan magani ko babba ba ya shaƙarsa, balle yaro.

Aka amince da sharuɗɗa. Ba kayan makaranta, kowa ya zo da na gida. Ba ƙararrawa. Ba jerin gwano, su zo ɗaiɗai kamar an aike su, littafi a cikin kwano ko a ƙasan tiren talla. Babban sharaɗin kuma, ba amsa karatu da ƙarfi.

Malamar aji ɗaya matashiya ce, daga cikin garin Faskari take zuwa kullum a kan acaɓa, wani lokaci da goyo. Ranar farko ta tsaya a tsakiyar sito tana duban bango da rufi, ta juyo ta ce, “Alhaji, ni tun da na fara koyarwa ban taɓa ganin an koyar da ɗan aji ɗaya bakinsa a rufe ba. Ta yaya ake yi?”

Na ce, “Malama, yadda ake ciniki a kasuwar shanu. Baki a kunne.”

Ta yi dariya kaɗan ta ce, “Kai sa ɗaya kake taya wa. Ni garke aka ba ni.”

Haka aka fara. Muka shimfiɗa buhunan da babu komai a ciki, yara suka zazzauna. An ɗauko baƙin allo daga makaranta a kan amalanke, an lulluɓe shi da tabarma. Tun da ba halin a faɗa a amsa, sai ta koma kiran su ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya zo gabanta ya durƙusa, ta nuna masa abu a littafi, ya faɗa mata a hankali, sauran suna kwafar abin da ke allo. Ni ina waje a kan benci ina harkokina, ido ɗaya a kan hanya. Wanda bai sani ba zai wuce ta ƙofar nan bai san akwai rai a ciki ba.

Ba a yi nisa ba ta aiko yaro ya ce Malama na son magana da ni bayan an tashi. Na shiga na tarar da ita da ɗiyata, littafi a tsakaninsu. Ta ce in zauna in gani. Ta buɗe shafin farko, yarinya ta zuba kamar yadda ta saba, sai dai a hankali. Daga nan Malama ta buɗe tsakiyar littafin, ta rufe hoton da ke sama da tafin hannunta, ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiyar layi. Yarinya ta yi shiru. Ta koma kan wata kalmar. Shiru. Ta nuna mata baƙi guda ɗaya tak, ba, wanda ko ni na fara da shi. Ɗiyata ta dubi baƙin, ta dube ni, ta ce, “Ka.”

Mu 'yan hatsi muna da wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki, wanda muke soka buhu da shi mu ga abin da ke tsakiya, don mai sayarwa yakan sa mai kyau a baki ya cusa ƙaiƙayi a ƙasa. Ba a taɓa sayar mini da buhu ban soka ba. Sai ga shi a cikin gidana na yi wata da watanni ina yabon bakin buhu.

Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye ba. Na sallami yarinyar na ce wa Malama, “To mi kuke yi a makarantar tun fari? Ihun nan da muke ji duk na mine ne?”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Alhaji, aji cike da yara, littafi bai kai hannu ba, ni kaɗai. In ban sa su sun amsa tare ba, rabinsu za su yi barci, rabi su yi dambe. A cikin amsawar wasu kan kama baƙin da ido, wasu kunne kawai ke aiki. Ɗiyarka kunnenta ya yi kaifi da yawa. Sau ɗaya take ji ta haddace, sai idon ya ga ba shi da aiki. Ni ma ban gane ba sai da aka hana mu surutu. Ba ita kaɗai ba ce, sun kai rabin ajin. Kai na fara gaya wa don kai ne a bakin ƙofa.”

Na ce, “Za ta iya kafin kaka?”

Ta ce, “Ban sani ba.”

Na fi son a gaya mini haka da a yi mini daɗin baki, amma ban ji sanyi ba.

Akwai wata magana da ke rataye a gidana tun kafin wannan. Yayata tana aure a Funtuwa, kuma tun da aka fara rufe makarantu take aiko mini cewa in ba ta autar nan ta riƙe, can makaranta ba ta tsayawa. Uwar yarinyar ba ta son ko jin zancen. Mazan duk sun bar gabanta, biyu suna bin motocin kaya, ɗaya yana koyon gyaran mashin a wani gari. Wannan ce ke kwana a bayanta, ita ce ke riƙe mata zani idan an ji harbi daga nesa. Ni kuma da nake ganin yarinya na karatu kamar ruwa, sai in ce wa yayata ta bari tukuna, ba abin da ya rasa ta a nan.

Ranar na koma gida na gaya wa mai ɗakina abin da na gani. Na ce mata na yanke magana: idan na rufe sito yarinyar nan ba ta iya karatu ba, za ta tafi wurin goggonta. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Can ta ce, “In kuma ta iya?”

“In ta iya ta zauna.”

“Ka faɗa da bakinka, Alhaji.”

“Na faɗa.”

Daga nan na ɗauki abin da hannuna, na kuwa ɓata shi. Abin da na sani shi ne ciniki, sai na yi ciniki. Na sayo ledar alewa na ajiye a aljihu. Bayan la'asar in zaunar da ita a zaure in rubuta baƙi a takarda, duk wanda ta faɗa daidai alewa ɗaya. Kwanakin farko na ga kamar abin na tafiya, alewa tana ƙarewa. Har na je na gaya wa Malama cewa a gida tana yi, a wurinta ne take ƙi. Malama ta ce in yi a gabanta. Na rubuta baƙin “da”, na nuna. Yarinya ta buɗe baki ta fara, “B…” tana kallona, ta ga girata ta motsa, ta juya, “G…” ta ga ban saki fuska ba, ta ce, “Da.” Na kai hannu aljihu.

Malama ta ce, “Tsaya, Alhaji. Ka ga inda idonta yake? Ko sau ɗaya bai sauka kan takardar ba. Fuskarka take karantawa.”

Abin da nake yi wa manomi kenan idan na taya masa masara, in faɗi rabin farashi ina duban idonsa, in ga inda zai karye. Ba wanda ya koya mata. A gindin bencina ta tashi.

“Ɗiyar dillali ce,” in ji Malama. “Ka bar mini ita. Kada ka ƙara tambayarta baƙi ko ɗaya a gida, kuma in ina tare da ita kada ka tsaya inda za ta gan ka.”

Mutum da sitonsa aka kafa masa doka. Na bi.

Ta roƙe ni gero tiya ɗaya da tsofaffin tire, na kawo. Ta zuba geron a tire ta baje shi, yaro ya zana baƙi da yatsa a ciki, ya girgiza ya goge, ya sake. Ba ƙarar alli, ba kuɗin takarda. Waɗanda suka fi taurin ido, irin ɗiyata, takan zauna a bayansu ne, ba a gabansu ba, ta kama yatsan yaro ta ja shi cikin geron, bakinta a kunnensa tana faɗin sautin. Daga baya ta saki yatsan, ta zana baƙin a gadon bayan yaron da nata yatsa, shi kuma ya fitar da shi a tire. Ba fuskar da zai duba. Nakan leƙa ta ramin taga in ga ɗiyata ta haɗe gira, harshe a waje, tana waiwaye tana neman idon Malama, Malama tana mayar mata da kai gaba da hannu ɗaya kamar mai kitso.

Yarinyar ba ta ji daɗin wannan ba. Ita da take sarauniyar aji, yanzu an haɗa ta da waɗanda take yi wa dariya. Ta daina cin abinci sosai. Wata safiya ta ce cikinta na ciwo, uwar ta ce a bar ta ta huta. Na ce ta tashi. Uwar ta ce, “Kai ba ka da tausayi ne?” Na ce, “Ke kika fi kowa son ta iya.” Ita da kanta ta ɗaura mata ɗankwali ta sa littafin a ƙasan kwano.

Damina ta yi tsakiya, masara ta yi bunni, hanya ta lalace. Wasu ranakun acaɓa ba ya iya ratso laka, Malama ba ta zuwa, yara su zauna har hantsi in sallame su. Wasu ranakun ba laka ba ce, labari ne ya zo cewa an tare hanya, ba mai fita. Duk ranar da ta faɗi haka sai in dubi gonakin da ke bakin gari in ga masara ta ƙara cika. Tun da nake ban taɓa fatan kaka ta yi jinkiri ba sai wannan shekara.

Wata rana da hantsi muka ji mashina, ba ɗaya ba, ba biyu ba, daga yamma. A garinmu yanzu ko akuya ta san bambancin ƙarar mashin ɗaya da ta ayari. Masu shaguna suka fara jan ƙofofi. Na tashi na tura ƙofar sito, na sa kwaɗo ta waje kamar ba kowa, na koma kan benci na zauna na ɗauki carbi, don idan aka ga na gudu za a san akwai abin da na bari. A bayana, bayan ƙofar ƙarfen nan, yara cike da ɗaki, ko tari ban ji ba. Mashinan suka shigo, suka wuce ta gabana. 'Yan sa-kai ne na wani gari suke rakiyar gawa.

Da na buɗe, na tarar duk sun kwanta rubda ciki a kan buhuna, Malama a tsakiyarsu ta toshe bakin goyonta da nono. Gero ya watse ko'ina. Ɗiyata tana lungu, ta jiƙa zaninta. Ba wanda ya yi mata dariya, don ba ita kaɗai ba ce.

Washegari kusan rabin yaran ba su zo ba, wasu ba su ƙara dawowa ba har aka tashi. Na zaci ita ma Malama shi kenan. Sai ga ta ta sauka daga acaɓa, idonta ya faɗa. Ta ce maigidanta ya ce ta bari, ta roƙe shi ya bar ta zuwa kaka tun da an riga an sa iyaka. Na ce, “Allah ya saka miki.” Ta ce, “Amin. A samo mini wani geron, wancan ya haɗu da ƙasa.”

Raguwar yaran, ko da yake ba abin so ba ne, ta ba ta sarari. Kowane yaro ya samu zama mai tsawo a gabanta. Amma ɗiyata ta koma baya bayan wannan tsoro, baƙaƙen da ta fara riƙewa suka rikice mata. Nakan tare Malama idan za ta hau mashin in ce, “Yaya?” Ta ce, “Muna nan dai.” Wata rana ta ce, “Yau ta haɗa gaɓar ‘ba’ da ta ‘ki’.” Na ce, “Baki kenan. To ai ta iya.” Ta ce, “Ta haɗa yau. Gobe ne zai nuna.” Gobe ta zo, ba ta haɗa ba.

A gida kuma uwar ta shiga nata ƙoƙarin. Ba ta yi boko ba, ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma sai na riƙa ganin ta zuba wa yarinyar tsaba a faranti ta ce ta yi abin da Malama ke sa su, ita tana gefe tana tsinke zogale, ta juya mata baya. Ashe ta ji dokar da aka kafa mini, ta ɗauka ita ma ta shafe ta.

Masara ta fara shigowa. Manoman da na saba da su suka fara aiko da buhuna a kan amalanke da mashin, kuma a irin wannan zamani ba mai son hatsinsa ya kwana a ƙauye. Ba na iya cewa su jira. Na fara jera buhuna a jikin bangon sito, yara suka matsa tsakiya. Jeri ya hau jeri, fili yana raguwa, har allon ma aka jingina shi a kan masara. Na kai wasu zauren gidana, na kai wasu ɗakin samarin da ba sa nan. Abokan sana'a suna ce mini, “Alhaji, ka mai da sito makaranta, ƙwari kuma ka ɗauke su aiki?” Na ce su ma almajiran Malama ne. Ina dariya, amma ranar da na soka wani buhu na farkon shigowa na ga gari-gari a bakin ƙarfen, na san lokaci ya yi. Ba dukiyata kaɗai ba ce a ciki, akwai ta mutanen da suka ba ni ajiya.

Na gaya wa Malama cewa ranar Alhamis zan sa magani. Ta ce to, ranar Laraba za ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, da abin da ba su taɓa gani ba, ba daga littafi ba.

Larabar nan ban je kasuwa ba. An ce kada in tsaya inda za ta gan ni, sai na zagaya ta bayan jerin buhuna, inda akwai ɗan tsukin da mutum zai tsaya a tsaye. Daga nan ina jin motsinsu, ba na ganin kowa. Na ji Malama ta kira ɗiyata. Na ji takun ƙafarta a kan buhu. Na ji alli yana tafiya a kan allo, ya daɗe yana tafiya. Sai shiru. Na kasa kunne. Akwai raɗa, amma ban iya raba ta Malama da ta yarinyar ba, ban kuma san ko karatu ne ko gyara ba. Raɗar ta tsaya, ta ci gaba, ta sake tsayawa ta daɗe. Zufa ta jiƙa mini riga. Yarinyar da da nake jin muryarta daga bakin gari, yau tana nesa da ni da taku kaɗan, na kasa sanin abin da take faɗa.

Da aka sallami yara na fito, duk ƙurar masara a jikina. Malama ta dube ni ta ce, “Ai na san kana nan, ƙafarka ta leƙo.” Ta nuna mini allon. Layi uku ne ta rubuta, zancen wata akuya da ta shiga gonar wake.

Ta ce, “Na farko da na biyu ta karanta su da kanta. A hankali, tana haɗawa gaɓa gaɓa, amma idonta na kan allo. Da ta kai inda akuyar ta ci waken sai ta yi dariya, ka ga ta fahimci abin da ta karanta kenan. Na uku ya fi ƙarfinta, akwai baƙaƙe masu lanƙwasa da ba mu kai ba.”

Na ce, “Wato ta iya.”

“Ta fara iyawa. Ba hadda ba ce wannan karon.”

Na ce alhamdu lillahi, na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata. Na gaya mata alkawarin da ke tsakanina da uwar yarinyar, wanda ban taɓa gaya mata ba, na ce yau za a yi murna a gidana, auta ta zauna.

Malama ba ta yi murmushi ba. Tana ɗaure goyonta ta ce, “Alhaji, ta zauna ta yi mi? Gobe za ka rufe nan. Makarantar bakin gari ba mai komawa cikinta bana, ka sani na sani. Ni kuma yau ce ranata ta ƙarshe a hanyar nan. Abin da ke kan yarinyar nan yanzu kamar shukar da ta tsiro jiya ne. In ta samu ruwa kullum za ta kama ƙasa. In aka bar ta rani guda, ko baƙi ɗaya ba za ka tarar ba, kuma karo na biyu ya fi wuya, don za ta ce ta taɓa yi ya zube. Da ba ta iya ba, da sai in ce maka duk ɗaya ne, ta jira. Yanzu ne bai kamata ta jira ba.”

Na ce, “Na riga na ba uwarta baki.”

Ta ce, “Wannan tsakaninku ne. Ni abin da na sani na gaya maka.”

Ranar Alhamis na sa magani, na liƙe tagogi da laka, na rufe. Na yi kwanaki ban ce komai ba a gida. Mai ɗakina ta dafa shinkafa da kaza, ta raba wa maƙwabta, ta sa yarinyar tana karanta mata rubutun jikin gwangwanin madara tana dariya ko da ba ta san ko daidai ne ba. Ni ban taɓa tashin cinikin da na sallama ba, kowa a kasuwa ya san ni da wannan. Na rasa ta inda zan fara.

A ƙarshe ban nemi wata dabara ba. Na same ta a madafa da rana na gaya mata abin da Malama ta ce, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce, “Alkawari yana hannunki. In kin ce ta zauna, ta zauna, ba zan sake tayar da maganar ba.”

Ta daɗe tana juya tuwo. Ta ce, “Da ka san haka, mi ya sa ka bar ni na yi ta zuba mata tsaba a faranti?”

Na ce ban sani ba a lokacin.

Ba ta ba ni amsa ba ranar, ba ta ba ni washegari ba. Ranar da motar da za ta kai mini masarar da na tara a zaure Funtuwa ta zo lodi, na shiga gida in ɗauki hulata, na tarar da ƙullin kaya a bakin ƙofa, an yi wa yarinya sabon kitso, an sa mata lalle. Uwar tana ɗaki, ta ce ta riga ta yi sallama da ita, kada a kira ta.

Muka zauna a gaba, ni da ita da direba. Hanyar ba wanda ke magana a cikinta sai an wuce dajin, kowa idonsa na gefen titi. Ta yi barci a cinyata kafin mu hau kwalta. A Funtuwa yayata ta karɓe ta da murna, ta ce gobe gobe za a kai ta makaranta, ta ja ta cikin gida wurin 'ya'yanta. Na so in ɗan zauna in ga yadda za ta sake, amma direba yana ta matsa mini, don ba a bin hanyarmu bayan la'asar. Na leƙa na ce mata na tafi. Ta ce, “To, Baba,” tana riƙe da ƙullinta ba ta kwance ba.

Na iso gida kafin magariba. Mai ɗakina tana zaune a tsakar gida ba ta hura wuta ba. Ta yi mini sannu da hanya, ta kawo ruwa, ta tsaya har na sha. Sannan ta ce, “Ta ci abinci kafin ka taho?”

Na ce ban tsaya na gani ba.